Bakin tsuntsu ne ke nuna inda sheƙa take

Kuskuren farko na mai neman sheƙa a lambu shi ne ya shiga buɗa rassa da hannu. Da wuya a samu sheƙa ta haka, in ma an samu, an riga an yi ɓarna. Abin da aikin ke koya wa mutum shi ne ya sami wuri ya zauna, rana a bayansa, minti 20 zuwa 30, cikin awa biyun farko bayan fitowar rana, ya zuba ido a bakin tsuntsu.

Tsuntsuwar da ke ɗauke da tsinke, ciyawa ko gashi gini take yi. Wadda ta kama tsutsa ko fara amma ba ta haɗiye ba, tana da 'ya'ya a kusa. Akwai alama ta uku da mutane kan wuce ba su lura ba: sai ka ga ta fito daga cikin ganye da wani ɗan farin ƙunshi a baki, ta je nesa ta yar. Kashin 'ya'yan ne take kwashewa don kada ya tona asirin sheƙar, kuma inda ta fito nan sheƙar take. Idan ta tsaya a reshe da abinci a baki tana ta kuka a jere, ta ƙi shiga, to kai ne matsalar. Ja da baya taku 10.

Yawancin ƙananan tsuntsaye ƙwai ɗaya suke yi a rana, su kwanta a kai kwana 12 zuwa 14, 'ya'yan su bar sheƙa bayan kamar mako biyu. Kurciya ƙwai biyu take yi, a kan 'yan tsinkaye da har kana iya hango ƙwan ta ƙasa. Sanin wannan lissafin ke nuna lokacin da leƙe ke da haɗari. Lokacin gini da fara ƙwai, ƙaramin firgici ya isa ya sa uwar ta bar wurin gaba ɗaya. A kwanakin ƙarshe kuma, da 'ya'yan sun yi gashi, suna ganin hannu za su diro ƙasa alhali fiffike bai yi ƙwari ba. Tsakanin nan ana iya dubawa sau ɗaya a kwana uku ko huɗu, ƙasa da minti ɗaya, da ɗan madubi a ɗaure a kan sanda. Kuma kada ka je gindin bishiyar ka juyo ta inda ka zo, ka wuce gaba kamar mai wata sabga. Hanyar da ta ƙare a sheƙa jagora ce ga kyanwa, shi kuwa hankaka yana lura da inda mutum ke yawan tsayawa.

Maganar cewa uwa na ƙin ɗanta idan hannun mutum ya taɓa shi ba gaskiya ba ce. Ɗan tsuntsun da aka tsinta tsirara, a mayar da shi sheƙa. Mai gashi da ke tsalle a ƙasa, a ƙyale shi, iyayen na nan kusa suna ciyar da shi.

Ƙwari kuma da yawansu sai rana ta ɗan yi zafi suke fitowa, kuma su ma alamarsu ta fi su saurin ganuwa. Tururuwa na hawa da sauka a kan kara? Juya ganyen sama, za ka tarar da ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, zaƙin da suke fitarwa tururuwar ke bi. A cikinsu sau da yawa akwai wata baƙar tsutsa mai ƙafa shida, da ɗigo-ɗigo masu launin lemo, kamar ɗan kada. 'Yar jan buzuzun nan ce mai ɗigo-ɗigo, kuma cinye ƙwarin take yi. Masu lambu da yawa kan murƙushe ta don muninta, abin takaici. Ganyen da aka yanke gefensa zagaye, sumul kamar da almakashi, aikin wani ƙudan zuma ne mai zaman kaɗaici da ke shimfiɗa gidansa da ganye, bai cutar da shukar ba. Ci mai kaca-kaca da baƙin kashi a ƙasa, wannan tsutsa ce.

A rarrabe gidan zanzaro da na rina. Na zanzaro laka ce, yana cusa tsutsa ko gizo-gizo da ya sumar, ya yi ƙwai, ya liƙe, kuma da wuya ya yi harbi. Na rina kamar takarda yake, a rataye, ramukan a buɗe, su kuwa taron dangi suke yi wa wanda ya matso.

Ruwa na jawo tsuntsaye sosai. Faranti mai zurfin santimita 3 zuwa 5, da dutse a tsakiya don ƙudan zuma ya sauka, a ajiye kamar mita 2 daga duhuwa inda kyanwa ba za ta laɓe ba. A sauya ruwan duk bayan kwana biyu, don sauro na iya kammala girma a ciki cikin mako guda.