Da na jira wata 18 ɗin da likita ya ce

Kilo 128 nake lokacin da aka yi min tiyatar rage tumbi, wato jakar abinci, a Alƙahira don in rame. Wata 9 bayan nan na dawo 86. Suga ta sauka, gwiwa ta daina ciwo, ina hawa bene ba haki. Amma fatar da ta yi shekaru tana ɗauke da wannan teɓa ba ta je ko'ina ba. Ta zubo daga cibiya ta rufe min mara, ta damatsa kuma sai lilo take in na ɗaga hannu.

Da na ce ina so a yanke fatar, mutane sun ɗauka maganar ado ce. Wanda ya yi bazarar Kano da wannan fatar ya san ba haka ba ne. Ƙarƙashinta ba ya bushewa, zufa ta taru, wurin ya yi ja ya saɓule, har wari yake. Kullum sai na wanke, na tsane, na shimfiɗa ƙyallen auduga a tsakani. Man kaɗanya da mayukan da ake talla a Instagram sun ci kuɗina, fata ta yi laushi, amma ko kaɗan ba ta koma ba.

Likitan da ke duba ni bai ɓoye min ba. Ya ce, "Hajiya, ki bari ki cika wata 18 da yin tiyatar, nauyinki ya tsaya wuri ɗaya na wasu watanni, jininki ya hau, sannan a yanke." Ni kuwa bikin ƙanwata ya matso, har an fitar da anko. Sai na nemi wani likitan da zai ce min to, na kuwa same shi.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin na san halin da jikina yake ciki. Loma kaɗan ke cika ni. Giram 60 na furotin, sinadarin gina jiki, da aka ce in riƙa samu a rana, ko kusa ba na kaiwa. Ƙwayar ƙarin jini ma na ajiye ta saboda tana ɗaure min ciki. A haka aka yi min yanka daga wannan ƙugu zuwa wancan, aka sa min robobi biyu masu janye ruwa. Kwana 12 ɗinkin ya buɗe a tsakiya. Jikin da bai ƙoshi ba, da me zai haɗe ciwo? Sati 7 ana min wankin miki. Bikin da na yi gaggawar dominsa, a kwance na ji kiɗansa ta waya. Yaya Babba da ta zo duba ni ta ce, "Ƙanwata, ai sauri ya haifi nawa." Ban iya ɗaga ido na kalle ta ba.

Abin bai tsaya nan ba. Ramar ba ta gama ba, na ƙara sauke kilo 11, sai fata ta sake sakewa a saman tabon. Kuɗin, zafin, duk na biya, kuma ga shi sai an sake taɓawa.

Duk wadda ta zo min da maganar yanke fata yanzu, tambayata ita ce: wata nawa sikeli ya yi yana nuna miki lamba ɗaya, kuma yaushe rabonki da gwajin jini? In ta fara kawo min zancen biki ko Sallah, sai in ɗaga riga in nuna mata tabon.

Damatsan suna nan ban taɓa su ba. Wata 5 ke nan ina kan 75, ina cin ƙwai da kifi da wake kafin komai, ina shan ƙwayoyina. Na koma wurin likitan farko, ya ce mu sake gwaji bayan Sallah.