Kafin ka sauya wa Baba Windows da Linux Mint

Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10, kuma ƙarin wa'adin da ya sanar a lokacin ga masu kwamfutar gida da suka yi rajista na shekara ɗaya ne kacal. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa ta Intel daga zubi na 8 zuwa sama, alhali kwamfutocin hannu da suka cika gidajenmu a Maraɗi, su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, da yawansu tsakanin zubi na 3 da na 6 suke. Akwai ma masu Windows 7 har yau, wadda aka rufe babinta tun Janairun 2020. Na'urorin lafiyarsu lau, kuma Linux Mint, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, tana iya ƙara musu shekaru. Sai dai ɗora ta aikin rabin awa ne. Abin da ke cin lokaci shi ne dattijo ya zauna washegari ya tarar da takardunsa da hotunan jikokinsa inda hannunsa ya saba zuwa.

Kada ka taɓa komai sai ka zauna gefensa ka ce: «Baba, ku buɗe ku yi aikinku yadda kuka saba, ina so in gani.» Ka yi shiru kana rubutawa. Idan tambayarsa ka yi da baki zai ce wasiƙa kawai yake bugawa, amma da ido za ka ga jadawalin Excel na bashin abokan ciniki, da firinta a ƙarƙashin tebur, da wa'azin da yake saurare bayan isha'i. Abin da ka rubuta shi zai yanke hukunci. Ɗan kasuwar da lissafinsa ke cikin manhajar lissafin kuɗi ta Sage, a bar masa Windows ɗinsa, domin manhajar ba ta da zubin Linux, kuma dabarun tilasta ta ba abin da za a jingina dukiyar mutum a kai ba ne. Malamin da ya dogara da Maktaba Shamila ta kan kwamfuta, a nuna masa ta intanet tukuna, in ba ta gamsar da shi ba a ƙyale shi. Wanda aikinsa wasiƙa ne da WhatsApp da YouTube da kallon hotuna, shi ne ya fi dacewa da wannan sauyi.

Firinta ita ma a duba ta tun yanzu. Akasarin na HP suna aiki da zarar an jona, amma LaserJet 1020 da P1102 suna neman wani ƙarin fayil da ake saukowa da umarnin hp-plugin -i, kuma sai da intanet. Canon LBP2900, wadda ta yawaita a ofisoshi da shagunan buga takardu, direbanta na CAPT tsoho ne mai wahalar saituwa. In ita ce a gidan, ka gwada ta kafin ka yi wa kowa alkawari.

Shawarar da na fi ƙarfafawa ita ce kada a goge tsohon diski. A cire shi, a sa sabon diski mai sauri, wato SSD na SATA mai inci 2.5, ko 128 GB ya isa, 256 GB ya fi kwanciyar hankali. Da haka na'urar za ta yi saurin da ba ta taɓa yi ba, kuma idan Hajiya ta ce ba ta so, dawo mata da Windows ɗinta aikin kwance ƙusa huɗu ne. Tsohon diskin a sa shi cikin ƙaramin akwatin USB a kwafo fayiloli daga ciki. Kafin a cire shi, a kashe Windows ana riƙe da maɓallin Shift, domin kashewar da ta saba yi rabin barci ce, kuma Linux kan ƙi rubutu a kan diskin da aka bari a wannan hali. In akwai BitLocker, makullin da Windows ke kulle diski da shi, a kwance shi ko a rubuta lambobi 48 na buɗe shi a takarda. A kuma fitar da kalmomin sirri daga Chrome ko Firefox zuwa fayil na CSV, a shigar da su a sabon wurin, a goge fayil ɗin nan take don a fili yake rubuce.

Tunda an riga an buɗe cikin na'urar, a bushe ƙurar hunturu daga fanka. Kwamfutar da ke mutuwa da kanta a zafin Afrilu ba manhaja ce ke damunta ba. A duba ƙaramin batirin agogo, galibi CR2032 ne. In ya mutu kwanan wata kan koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna kukan takardar shaida, mai gida kuma ya ɗora laifin a kan sabuwar manhaja. Mint tana tashi da RAM 2 GB, amma 4 GB ne ake jin daɗinsa. Mai ƙarawa ya lura da bambancin DDR3 mai 1.5V da DDR3L mai 1.35V, domin yawancin kwamfutocin hannu na zubi na 4 da na 5 ta biyun suke karɓa.

Linux Mint 22 ta fito a Yulin 2024, an gina ta kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da tallafa mata har 2029. Mai RAM 4 GB zuwa sama ya ɗauki zubin Cinnamon, don fuskarsa ta yi kama da Windows 7. Mai ƙasa da haka ya ɗauki Xfce. Dukansu sai furosesa mai 64-bit. Fayil ɗin ya kusa 3 GB, saboda haka a sauko da shi sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, a zuba shi a kile mai 8 GB da Rufus ko Ventoy, kile ɗaya ya ishi dangi duka. Wajen tayarwa daga kilen, HP F9 ne, Dell da Lenovo F12. A tsaya a zubin gwaji tukuna, wanda ba ya taɓa diski, a gwada sauti da kyamara da firinta da Wi-Fi. Idan Wi-Fi bai bayyana ba, mai yiwuwa katin Broadcom ne: a jona wayar Android da igiya, a kunna raba intanet ta USB, a buɗe Gestionnaire de pilotes a zaɓi direban. In mai girkawa bai ga diskin ba, a shiga BIOS a mayar da yanayin SATA zuwa AHCI.

Kibod ne ke yawan kunyata mai taimako a garin nan. Kwamfutocin da suka biyo ta Faransa galibi AZERTY ne, waɗanda suka shigo ta Jibiya da Ɗan Issa daga Kano galibi QWERTY. A zaɓi tsarin da ya dace da abin da ke rubuce a jikin maɓallan, ko da harshen manhajar Faransanci ne. Kalmar sirri kuma a guji sa mata a, q, z, w da m, waɗanda ke sauya wuri tsakanin tsarin biyu, a kuma tuna cewa a AZERTY lambobi sai da Shift. Dattijo kan buga kalmarsa daidai sau biyar na'ura ta ƙi, don kawai jika ya taɓa alamar kibod. Mai rubuta Hausa a ƙara masa tsarin Hausa na Najeriya da ke cikin Mint don ɓ da ɗ da ƙ, mai Larabci a ƙara masa na Larabci da rubutun Amiri, a kunna masa rubutun dama zuwa hagu a saitin harsuna na LibreOffice, manhajar da ke maye gurbin Word da Excel.

A buɗe asusu biyu: naka mai ikon shugaba, nasa na talakan mai amfani. Ta haka ba zai goge abin da zai hana na'ura tashi ba, yaran gida ma ba za su girka abin da suka ga dama ba. Shiga kai tsaye ba tare da kalmar sirri ba yana da daɗi, amma Chrome kan riƙa fito da akwatin neman buɗe ma'ajiyar makullai a duk tashi, abin da ke tsorata tsofaffi. Firefox ba ya yin haka, kuma da shi Mint take zuwa.

Sai a gyara fuskar. A ƙara girman rubutu zuwa 1.3 ko 1.5, a mayar da hoton bangon da ya saba gani, a bar gumaka huɗu ko biyar a kan tebur, a sa musu sunayen da shi yake kiransu: Wasiƙa, Lissafi, Hotuna, Wa'azi. WhatsApp ba shi da manhajar Linux ta kamfani, amma da Applications Web ana mayar da WhatsApp Web gunki mai zaman kansa. A gaya masa in wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a cikinta ba, kwamfutar za ta fita, sai an sake haɗawa. A LibreOffice a saita ajiya ta zama docx da xlsx, in ba haka ba zai kai takarda shagon bugawa a ce ba ta buɗuwa daidai. A girka rubutun Carlito da Caladea, masu faɗi ɗaya da Calibri da Cambria, don kada layukan tsofaffin wasiƙu su zame.

Ƙwayar cutar kile da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi ba ta aiki a Linux, fayilolin da ta ɓoye ma a fili suke fitowa. Amma tana nan kwance a kilen, tana jiran Windows ɗin maƙwabci, don haka a goge duk baƙon fayil mai ƙarewa da .lnk ko .vbs.

Sabuntawa ita ce wurin da wutarmu da tsadar data ke shigowa. Ta farko kan ci ɗaruruwan megabait, a yi ta kafin a miƙa na'urar. Bayan nan, in gidan da forfen waya suke shiga intanet, na fi son mai taimako ya riƙa yi da hannunsa sau ɗaya ko biyu a wata, batir cike. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar sabuntawa, sudo dpkg --configure -a sannan sudo apt -f install kan ɗinke abin da ya yanke. In sabon kernel, wato zuciyar manhajar, ya hana tashi, a riƙe Shift ko a danna Esc lokacin kunnawa, a zaɓi na baya. A kunna Timeshift, mai mayar da tsarin yadda yake a baya, ya ajiye kwafi biyu na mako-mako, amma a sani tsarin manhaja yake adanawa, ba ya ɗaukar takardu da hotuna sai an umarce shi. Waɗannan sai an kwafe su daban, kuma bayan wata uku ba ƙorafi tsohon diskin nan na cikin akwati zai iya zama ma'ajiyarsu.

Wanda ya sauya wa mutum manhaja ya ɗauki amanarsa, domin mai gyaran bakin kasuwa zai iya cewa bai san wannan ba, ya goge komai ya mayar da Windows. A liƙa takarda a murfin da lambar wayarka da gargaɗin kada a goge. In kana Yamai ko Damagaram, ka girka RustDesk ko AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ka gwada shi da Baba tun kana gida: ya buɗe, ya karanto maka lambar, ka kama linzamin yana kallo. Ka jaddada masa cewa ba ya karanta wa kowa wannan lamba sai kai, haka ma lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa ta saƙo, don masu damfara ta waya ba ruwansu da irin manhajar da ke cikin kwamfuta. Kafin ka tashi, ka karɓi wayarsa ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ka rubuta lambar a littafin da yake ajiye muhimman takardunsa.