Sinia ne ke riƙe min shago

Ni walda nake yi a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe nan Kumasi, ƙofofin gida da get da bogla na taga, wani lokaci har da ƙafar tankin ruwa. Muna da yara bakwai a shagon, kuma duk wanda ya san Magazine ya san tsarin, masta na sama, sai sinia, wato babban yaron shago, sai ƙananan da ke koyo wajen shekara uku kafin a yaye su. Abin da yawancin mastoci ba sa so su ji shi ne, in ka tafi Tamale biki shagonka ya tsaya cak sai ka dawo, to ba ka horar da kowa ba, yaran aike kawai ka tara.

Sinia na shi ke karɓar kafin alƙalami in ba na nan, shi ke yanka farashi, lambar MoMo ta shago ma, wato asusun karɓar kuɗi ta waya, tana wayarsa. Abokan sana'a sun ce min wallahi yaron nan zai cinye ka. To ai littafi na nan, duk asabar da yamma muna zama ni da shi mu bi abin da ya shiga da abin da ya fita, rodi nawa, faifan garanda nawa, fenti nawa. Kuma in ya ba kwastoma farashi ba na zuwa in sauya a gaban mutane ko da na ga ya yi sauƙi, sai mun keɓe nake ce masa nan ka manta kuɗin mota. Ranar da ka ƙaryata sinia a gaban ƙananan yara, daga ranar ba mai sake jin maganarsa.

A 2022 da sidi, kuɗinmu na Ghana, ya faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen shekara, ƙarfen da ka tambaya da safe kafin la'asar ya canza kuɗi. Lokacin ne muka sa doka, ba a karɓar aiki sai kwastoma ya ba da kuɗin ƙarfe an saya ranar, kuma shawarar ba tawa ba ce, wani ƙaramin yaro ne da muke aika sayen ƙarfe ya kawo ta, don shi ke ganin yadda farashin ke gudu. Shi ya sa da safe wajen koko da ƙosai nake barin kowa ya yi magana kafin a kunna inji.

Yaran ba ƙabila ɗaya ba ne, akwai 'yan zango daga Aboabo da Asawase, akwai Dagomba, akwai Frafra, akwai ɗan Asante, Hausa da Twi duk ana yi a shagon. Juma'a in za mu masallaci kiristocin ke tsare shago, in aikin gaggawa ya faɗo lahadi mu musulmi mu ke yi, ba a taɓa rubuta wannan ba amma kowa ya sani.

Kuɗin abinci kuwa kullum ne, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Tun zamanin dumso na 2015 da za a yini ba wuta muke haka, yaro mai jin yunwa ba ya riƙe tef daidai, in ya auna get ya rage inci ɗaya kai za ka sayi sabon ƙarfe. Tabarau na walda ma ba wasa, wanda na kama yana walda da ido tsirara ranar shara zai yi, don na san yadda ido ke yi da dare kamar an zuba masa yashi.

Sinia na zai buɗe nasa shagon baɗi in Allah ya yarda, na riga na ce masa tsohon injin nan na kusurwa nasa ne. Tun yanzu mai bi masa ya fara zama da mu ranar asabar yana koyon littafi, lissafinsa dai da saura.