Hayaƙin ɗakin mai jego

Da sassafen nan na leƙa ɗakin ƙanwata mai jego a ƙauyenmu, can bayan Ringim. Hunturu ya kankama, Inna ta hura itace a kasko, ta toshe taga da tsumma. Ina shiga idona ya fara ruwa. Na karɓi jaririn, sai ga baƙi-baƙi a ƙofar hancinsa, irin kunkunniyar da ke jikin azara. Wallahi gabana ya faɗi.

Wanda ido ya gani ke nan. Ƙananan ƙwayoyin hayaƙin, waɗanda ba a gani, su ne ke zarcewa can cikin huhu har su shiga jini, su jawo wa yara ciwon nimoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020. Na ce, "Inna, don Allah a fitar da wutar nan, a ɗan buɗe taga." Ta ce, "To sanyin fa, ɗan nan?" Gaskiya gare ta, sanyin ma yana kayar da jariri. Tun ɗazu tunanin kuɗin bargo mai kauri nake yi kafin ranar kasuwa.