Lincoln ya miƙe daga kujerarsa

Yau da yamma ni da ɗan ƙanwata muka kalli kashi na biyu na fim ɗin Night at the Museum, wanda ya fito a 2009, labarinsa a gidajen tarihi na Smithsonian da ke birnin Washington. Da aka zo wurin da ƙaton mutum-mutumin tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln ya miƙe daga kujerarsa ya fara magana, sai yaron ya cafke hannuna, ido waje, ya ce, "Kawu, wai da gaske kullum da dare tashi yake yi?" Dariya har da hawaye.

Bayan ya tafi abin ya tsaya mini a rai. Lincoln ne ya sa hannu a takardar 'yanta bayi a 1863. Shekara 100 bayan nan, a matakalar ginin da mutum-mutumin yake, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata Martin Luther King ya tsaya gaban dubban jama'a yana neman a kawo ƙarshen wariyar launin fata. Shi kuwa yaron, dutse mai tafiya kawai ya sani. Ban ga laifin masu fim ba, ko ba komai sunan ya shiga kansa. Ni ma kusan duk fasalin Washington da na sani, a fim na fara ganinsa.