Ai wanda ya hau dutse ya fi kusa da rana, Malam

Shekaruna uku na farko a koyarwa, babu darasin da ya kai na yanayin duniya sauƙi a wurina. In shiga aji, in zana da'ira a allo, in ja layin ikwaita a tsakiya, in ce nan ne zafi, in nuna can sama da can ƙasa in ce nan ne sanyi. Sai in jero musu rukunai biyar da masanin yanayi Köppen ya kasa yanayin duniya, daga A zuwa E, su kwafa, su haddace, su juye mini a takardar jarrabawa. Suna ci kuwa. Ni ma har na ɗauka na iya.

Wata rana a tsakiyar bazara, zufa na tsiyaya a bayana, wata yarinya da ke zama a layin baya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, kun ce duk wanda ya matso kusa da ikwaita zafi yake ƙaruwa. To ga Jos a taswira ta fi Sakkwato kusa da layin, amma da muka je hutu wurin gwaggona da bargo muke kwana." Na ce mata ai Jos a kan dutse take, shi ya sa. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ai wanda ya hau dutse ya fi kusa da rana, Malam." Aji ya kwashe da dariya. Na ce tambaya ce mai kyau, za mu dawo kanta. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san abin da malami ke nufi in ya faɗi haka.

A daren nan na kakkaɓe ƙurar littattafan da na ajiye tun ina kwaleji. Ashe amsar tana ciki, na taɓa haddace ta har na ci maki, ban dai fahimce ta ba. Hasken rana yana ratsa iska ne ba tare da ya ɗumama ta sosai ba. Ƙasa yake gasawa, ita kuma ƙasar ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta, kamar yadda gindin tukunya ke ɗaukar wuta kafin ruwan ciki ya ji. In iska ta yi sama, nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe, ta huce. A ƙiyasi, duk hawan mita 1,000 zafi yana sauka da digiri shida da rabi. Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200, Sakkwato kuwa wajen mita 300. Wannan tazarar ce ta sa ake noman dankalin Turawa a Filato da ganyen shayi a Mambila. Ita ce kuma ke sa mutanen Makka hawa Ɗa'ifa in zafi ya tsananta, kuma ita ce ta ajiye ƙanƙara a ƙoƙuwar Kilimanjaro, dutse mai tsayin mita 5,895 da ke dab da ikwaitar da nake cewa babu komai a cikinta sai zafi.

Daga nan na sauya salo. Na daina fara darasi da sunayen rukunai, na koma farawa da lemo da tocila. In ka haska tsakiyar lemon, hasken yana taruwa wuri guda. In ka haska wajen hancinsa, sai ya baje ya yi rauni. Ka karkata lemon kaɗan, kamar yadda duniya ke karkace da digiri 23 da rabi, ka zagaya da shi, yara da kansu za su gane abin da ya sa Disamba ke zama lokacin sanyi a Ingila amma lokacin zafi a Afirka ta Kudu.

Batun iska kuwa, a bakin ƙofar makaranta na fi fahimtarsa. Tsohon da ke mana gadi manomi ne. Na taɓa tambayarsa, "Baba, yaya kuke gane damina ta ƙarato?" Ya ce, "Malam, ai iska ce ke juyawa. In ka ji ta bar gabas ta koma tahowa daga kudu maso yamma da ɗan laima, ka ga shamuwa ta sauka, to ka gyara fartanyarka." Abin da littafi ya cika shafi biyu yana faɗa ke nan. Iska biyu ke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya busasshiya ce daga arewa maso gabas, mai ɗauko ƙurar kwarin Bodele na Chadi ta zuba mana hazo da hunturu. Ɗayar mai ɗauke da ruwa ce daga tekun Atilantika. Mahaɗarsu tana bin rana, ta hauro arewa har wajen Agusta lokacin marka, sannan ta koma kudu. Kalaba tana daɗewa a ƙarƙashin iskar teku, sai ta sha ruwa kusan milimita 3,000 a shekara. Agadas kuwa bakin zanen iskar kawai ke taɓa ta, da ƙyar take haɗa 150. Sahara ma da ke bayanta ba haka kawai ta zama hamada ba. Iskar da ta tashi sama a ikwaita ta zubar da ruwanta a dazukan Kwango da Amazon, a busashe take saukowa tsakanin digiri 20 zuwa 30 arewa da kudu da ikwaita, kuma iska mai saukowa ba ta haɗa hadari. A wannan layin za ka tarar da hamadar Larabawa, a kudu kuma Kalahari da tsakiyar Ostireliya.

Teku ne ya fi ba yara mamaki, ni ma haka. Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa, don haka garin da ke gaɓa ba ya ganin tsananin zafi ko sanyi irin na garin da ke can tsakiyar ƙasa. Landan tana kan digiri 51 arewa, amma ruwa mai ɗumi da ke gangarowa daga yankin tekun Meziko yana sassauta mata sanyi. Verkhoyansk ta Sibiriya ba ta da wannan gatan: an taɓa auna sanyin da ya haura digiri 67 ƙasa da sifili a can, sannan a Yunin 2020 aka auna zafin digiri 38. Akwai kuma igiyar ruwa mai sanyi, wadda ke hana hadari tashi, shi ya sa hamadar Namib da ta Atakama suke kwance a bakin teku suna ƙishi. Misalin da na fi so shi ne Akara, babban birnin Ghana. Mai ɗan'uwa a Nima ko Sabon Zango ya tambaye shi: gari ne a gaɓar teku, amma ruwan da yake samu a shekara bai fi na Kano ba, saboda iska tana bin gefen gaɓar ne maimakon ta shigo kai tsaye, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku. Debundscha kuwa, a gindin Dutsen Kamaru, iska tana cin karo da dutse ta hau dole, ta sauke wajen milimita 10,000.

Sai bayan duk wannan nake kawo Köppen, a mako na uku. A lokacin yara sun riga sun san dalilai, haruffan sun zama laƙabi kawai. Shi kansa mutumin, da ya fara fitar da tsarinsa a 1884 ya ci gaba da gyara shi har 1936, tsirrai ya duba ya ja iyakokinsa. Inda watan da ya fi sanyi bai sauka ƙasa da digiri 18 ba, A ke nan. Inda ruwan da ke ƙafewa ya fi wanda ke sauka, B. Inda watan da ya fi zafi bai kai digiri 10 ba, itace ba ya tsayawa, E. C da D su ne na tsakani, masu sanyi mai sauƙi da masu sanyi mai tsanani. Kano ma tana kan iyaka, wata taswirar ta sa ta a A, wata a B, kuma na daina ɓoye wa yara hakan don gudun kada su rikice.

Wata matsalar ta harshe ce. Kalmar yanayi ɗaya muke amfani da ita ga hadarin yau da kuma halin gari na shekara da shekaru, alhali masana sai sun tara awon shekara 30 kafin su ce ga halin wuri. Don yara su ji bambancin a jikinsu, muka yanke gorar ruwa, muka manna mata ma'auni, muka kafa ta a fili nesa da bishiya. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, ɗalibi ɗaya zai auna ya rubuta a littafi. Baba mai gadi ne ke kore mana awaki daga wurin, kuma in an yi ruwa a lokacin hutu shi yake sa ɗan jikansa ya rubuta, ya ajiye mana takardar a aljihunsa har mu dawo.