Jan alwatika da rabin albashina

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin shagon kwamfutar da na yi shekara biyar ina aiki a cikinsa, can wajen Mabera. Duk wanda ya taɓa zaman kafe ya san shafin nan da Chrome ke fitarwa, mai jan alwatika da gargaɗin cewa haɗinka ba shi da tsaro. Galibi agogo ne. Batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin kwamfuta, CR2032, ya mutu. Da an ɗauke wuta sai ta tashi tana ganin shekarun baya ake ciki, ta duba satifiket ɗin shafi, wato takardar shaidar tsaronsa, ta ga ranar fara aikinsa ba ta ma zo ba, sai ta ƙi buɗewa. Ka gyara kwanan wata, ka sa sabon batiri, magana ta ƙare. Iyakar sanina ke nan har ranar Alhamis, 30 ga Satumba 2021.

Daf da la'asar kwamfutoci huɗu suka fara ƙin buɗe shafuka, duk masu Windows 7. Na duba agogo, daidai yake. Na goge tarihin burauza, na kashe na kunna, shiru. Ga mutane a kan benci riƙe da takardu, ga zafi. Mai shago ya shigo, bai ko kalli allon ba ya ce, "Kai ka bari yara na soka filash ɗinsu, ga shi ka sa muna bairos. Ka yi musu fomat yau ɗin nan." Na ce, "Alhaji, a ba ni zuwa gobe in bincika." Ya ce ba shawara yake nema ba.

Na yi wa uku fomat a daren. Kuskurena, wanda ba zan ɗora wa kowa ba, shi ne ban kwashe fayilolin mutane ba kafin in fara. A ɗaya daga cikinsu akwai furojet ɗin wata ɗalibar ajin ƙarshe da na yi sati biyu ina buga mata. Da ta zo ranar Asabar na gaya mata, ba ta yi faɗa ba. Ta dafa teburin ta ce, "Malam, babi huɗu ne fa." Har yau ina jin muryar. Kuma bayan duk wannan ɓarnar, jan alwatikan na nan inda yake, domin faifan Windows ɗin da muka sake ɗorawa tsoho ne.

Sai bayan kwanaki na gwada wata burauzar, Firefox, shafukan suka buɗe tas. A nan na tsaya na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko: na danna gargaɗin da ke gefen adireshi, na buɗe satifiket ɗin, na bi silsilarsa zuwa sama. Abin kamar takardar shaidar zama ɗan ƙasa ne. Mai unguwa ya sa hannu, uban ƙasa ya buga hatimi, kuma in hatimin sama ya daina aiki, na ƙasa bai da amfani. A saman silsilar akwai satifiket ɗin tushe mai suna DST Root CA X3, wa'adinsa ya ƙare a ranar Alhamis ɗin nan. Shafuka masu yawan gaske na amfani da satifiket na Let's Encrypt, wata cibiya mai bayar da satifiket, kuma sun riga sun tanadi sabon tushe, ISRG Root X1. Kwamfutocinmu ba su san shi ba saboda an kashe musu sabuntawa. Wa ya ce a kashe? Alhaji, wai tana cin data. Firefox kuwa da nasa kundin yake tafe, bai dogara da na Windows ba. Na sauke sabon tushen, na sa shi cikin amintattu, cikin minti biyar komai ya koma daidai.

Na kai wa Alhaji bayanin a rubuce. Ya ce, "To ai an gyara." Rabin albashin da ya yanke mini a watan bai dawo ba, kuma har yau in zancen ya taso a gaban baƙi, cewa yake na taɓa sa masa bairos. Furojet ɗin kuwa na sake buga shi daga rubutun hannunta, dare shida, ban karɓi ko kwabo ba.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Gwada shafin a wayarka da datarka. In can ma ya ƙi, mai yiwuwa mai shafin ne bai sabunta satifiket ɗinsa ba, tunda na Let's Encrypt kwana 90 yake yi, kuma babu abin da za ka gyara daga kujerarka. Kada ka tsallake gargaɗi ka shigar da lambar katin bankin wani, ko da yana tsaye a kanka yana cewa sauri yake. Windows 7 kuma Microsoft ta sake shi tun Janairun 2020, Chrome ma ya daina sabunta masa daga siga ta 109.

Yaron da zai gaje ni na bar masa batura biyar a aljihun tebur, da faifan ajiya na kwashe fayiloli. Jiya na mayar da agogon kwamfuta ɗaya baya da gangan, na zaunar da shi, na ce kada ya taɓa komai sai ya karanta mini ranakun da ke jikin satifiket ɗin da bakinsa.